Gudun safe ko na yamma: wanne ne ba zai cinye maka barci ba?

Wanda ya ƙudiri niyyar fara gudu don lafiyar jikinsa yakan fara da tambayar wane lokaci ya fi, safe ko yamma. Yawanci a ce masa safe. Sai ya yi mako biyu yana fita bayan Asuba, daga nan gyangyaɗi ya soma kama shi a ofis ko a shago, ƙwauri ya fara zogi, takalmi ya koma ƙarƙashin gado. Idan aka bincika, akasari barcin da ya rage ne ya kayar da shi. Saboda haka kafin a auna safe da yamma, sai an fara duba ƙarfe nawa mutum yake kwanciya, domin a nan ake yanke hukuncin.

Lissafin dare

Likitocin barci sun haɗu a kan cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 kowane dare, yawancin mutane tsakanin 7 da 9. Matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 suna bukatar 8 zuwa 10. A ɗaya ɓangaren, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu, sannan ya ƙara da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Gudun minti 30 sau uku a mako minti 90 ke nan, ya riga ya shiga cikin ma'aunin. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna ɗauka sai sun fita kowace safiya, alhali safiya uku ko huɗu ake magana.

Yanzu a ɗora wannan a kan lokutan sallah. A Kano alfijir yana ketowa wajen 4:45 a watan Yuni, ya ja baya har wajen 5:35 a ƙarshen Janairu. Rana tana fitowa tsakanin 6:00 da 6:50, gwargwadon wata. Garuruwan gabas suna riga na yamma: Maiduguri tana gaban Kano da kusan minti 20, Sakkwato tana bayanta da kusan minti 13, Yamai kuwa da kusan minti 25, duk da agogonsu ɗaya ne. Tsakanin shigar Isha'i da alfijir akwai kimanin awa 10 a Disamba, amma a Yuni bai cika awa 9 ba. A cikin wannan ratar ne za a ci abincin dare, a yi hidimar iyali, a kuma nemi awa 7. Wanda zai tashi 5:00 dole barci ya ɗauke shi kafin 10:00, wato ya hau gado wajen 9:40.

A nan ne lamarin Bahaushe mai tashi Asuba ya bambanta da na wanda ke saita agogo musamman don gudu. Shi tashin sassafe ba sabon abu ba ne a wurinsa. Abin da gudun safe zai karɓe masa shi ne barcin bayan sallah. Mutane da yawa suna kwanciya 11:30 ko 12:00, su tashi 5:00, su yi sallah, su koma har 7:00. Idan aka haɗa kashi biyun ana samun awa shida da rabi ko bakwai, kuma jiki ya saba da hakan. Ranar da aka maye gurbin kashi na biyu da gudu ba tare da an matso da lokacin kwanciya ba, awa 5 ko biyar da rabi ne suka rage. Kuma abin da aka yanke ba ɗaya yake da na farkon dare ba. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane kimanin minti 90. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara tsoka a cikinsa, ya fi yawa a farkon dare. Barcin mafarki, mai alaƙa da haddace abu da daidaita yanayin zuciya, ya fi yawa gab da wayewar gari. Shi ya sa mai yanke ƙarshen barcinsa yake fara lura da saurin fushi da mantuwa tun kafin ƙafarsa ta nuna gajiya.

Rashin barcin yana da farashi a jiki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya ɗiga wa masu sa kai ƙwayar cutar mura a hanci, ya tarar masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu barcin sama da awa 7 kamuwa da kusan ninki huɗu. Gudu kuma yana ɗora wa tsoka da ƙashi nauyin da sai a hutu suke gyaruwa. Idan an ƙara nauyin, an rage hutun, ciwo ne ke biyo baya.

Gudun bayan Asuba

Babbar fa'idarsa a ƙasar Hausa sanyi ne. Gab da fitowar rana ne lokacin da ya fi kowane sanyi a yini. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 38 zuwa 40 da rana, na Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma ya zarce haka, da sassafe akan samu ashirin da wani abu. Tazarar digiri goma sha wani abu ba ƙaramin abu ba ne ga zuciyar da ke aiki biyu, tura jini ga ƙafafu da tura shi ga fata don sanyaya jiki. Titi kuma babu cunkoso, hayaƙin A Daidaita Sahu da babura bai taso ba tukuna.

Fa'ida ta biyu ita ce babu mai ƙwace maka lokacin. Ba a ɗaurin aure 6:00 na safe, maigidanka a wurin aiki bai kira taro ba, abokin ciniki bai zo ba. Ta uku ta shafi barcin kansa: hasken safiya da ya shiga ido yana matso da agogon jiki gaba, ta yadda da dare barci zai zo da wuri. Wanda ya jure mako biyu zuwa uku yana fita da safe kuma yana kwanciya a kan lokaci zai ga jikinsa ya fara neman gado da kansa wajen 9:30.

Amma lokacin ya fi yadda ake zato ƙuntata. A lissafa: an idar da sallah da azkar, a ce 5:45. Sauya kaya da shan ruwa minti 5. Tafiya da sauri don ɗumama jiki minti 5 zuwa 10. Gudu minti 30. Tafiya a hankali minti 5. Sai a jira gumi ya tsaya kamar minti 10, domin wanda ya yi wanka nan take zai ci gaba da zufa a cikin rigar aikinsa. Wanka da shiri minti 15, karin kumallo minti 15. Kusan awa ɗaya da rabi ke nan, an kai 7:15. Ga mai kai yara makaranta ko mai bin doguwar hanya zuwa wurin aiki, wannan ya riga ya yi latti. A Disamba da Janairu matsalar ta ƙaru, domin gari ba ya yin hasken da za a ga rami a hanya sai wajen 6:20 ko 6:30. Fita cikin duhu kuwa tana da haɗarinta: kwata a buɗe, karnuka, mai babur da ba shi da fitila, da masu ƙwacen waya a wasu unguwanni. Wanda zai fita kafin gari ya waye ya sa riga mai haske, ya bi gefen da yake fuskantar motoci masu zuwa, ya bar abin sauraren kunne a gida, in da hali su fita su biyu ko uku.

Jiki ma da safe bai gama warwarewa ba. Zafin cikin jiki yana ƙasa, gaɓoɓi a sanƙare, musamman agara da tafin ƙafa. Wanda ya fita daga masallaci ya zabura a guje shi ne ke zuwa da ciwon dunduniya bayan wata ɗaya. Minti goman farko a yi su a hankali sosai. Hawan jini kuma yakan ɗaga da safe bayan farkawa, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, ya sha maganinsa yadda aka tsara, kuma kada ya sanya gudu mai tsanani a wannan lokacin.

Batun abinci mai sauƙi ne. Mai lafiya zai iya sassarfar minti 30 zuwa 45 ba tare da ya ci komai ba. Ya sha rabin leda zuwa leda ɗaya ta ruwa, wato kwata zuwa rabin lita, tun da ya tashi alwala. Idan yana jin jiri, dabino biyu ko uku ko ayaba ɗaya sun isa. Koko da ƙosai sai an dawo. Ana yawan cewa gudu da yunwa ya fi rage ƙiba; binciken da ya gwada hakan bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba idan abincin yini duka ɗaya ne. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga shi kam kada ya fita da yunwa, kuma ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu.

Gudun yamma

Ta fuskar jiki kawai, yamma ta fi. Zafin cikin jiki yana kai ƙololuwarsa da yamma, tsoka ta saki, an ci abinci an sha ruwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna mutane sun fi ƙarfi da sauri a wannan lokacin. Gudun da ke yi wa mutum wuya da safe yakan zo da sauƙi da yamma. Mafi muhimmanci ga batunmu, ba ya taɓa barcin bayan Asuba ko kaɗan. Mai shago da ke rufewa 10:00 na dare, wanda ba shi da halin kwanciya kafin 11:30, zai iya riƙe barcinsa kashi biyu kamar yadda ya saba, ya kuma samu motsa jikinsa.

Matsalar ita ce zafi, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Zafin yini yana kai maƙura tsakanin 2:00 da 4:00, kuma ba ya sauka da sauri. A bazara, ƙarfe 5:00 na yamma iska tana nan a sama da digiri 35, kwalta da bango suna fitar da zafin da suka sha tun safe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne minti 45 zuwa awa ɗaya kafin Magariba, ba da an idar da La'asar ba. Magariba a Kano tana faɗawa tsakanin 6:00 a Nuwamba da kusan 6:55 a Yuli, don haka a lissafa daga baya, a bar minti 15 na wanka da alwala.

A irin wannan zafin mai gudu yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda. Hanyar sanin naka ita ce ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, leda biyu ke nan, kuma ana so a mayar da ɗan fiye da hakan a hankali cikin awoyin da ke biye. Fitsari mai duhu da safe alama ce ba a mayar ba. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 idan aka bi a sannu, amma sabon yana da iyaka. Ciwon kai mai bugawa, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi cikin zafi, ko ruɗewa, duk alamu ne na a tsaya nan take, a nemi inuwa, a zuba ruwa a jiki. Idan mutum ya fara sambatu ko ya faɗi, a sanyaya shi da ruwa tun a wurin, a garzaya asibiti. Akwai kuma abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS. Galibinsu suna gudu lafiya lau, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi haɗari a gare su, don haka su guji tsere da takura kai a bazara. Mai sikila, wato SS, sai da shawarar likitansa.

Sai kuma hayaƙi. Yamma lokacin tashi daga aiki ne da kasuwa, mai gudu kuwa yana shaƙar iska ninki-ninki fiye da mai zaune. Gefen babban titi shi ne wuri mafi muni. Filin makaranta, filin ƙwallon unguwa, harabar jami'a, ko wurare irin su filin sukuwa a Kano, dandalin Murtala a Kaduna da kewayen filin wasa na Seyni Kountché a Yamai sun fi. Ƙasa ko ciyawa kuma ta fi kwalta sauƙi ga ƙwauri.

Aibin gudun yamma na ƙarshe shi ne yana saurin faɗuwa. Ta'aziyya, biki, baƙo, cunkoson hanya, gajiyar aiki, kowanne yana iya cinye shi. Wanda ya zaɓi yamma ya tsara kwana huɗu yana sa ran samun uku, ya kuma tafi da kayan gudunsa wurin aiki, domin wanda ya fara shiga gida ya zauna da wuya ya sake fita.

Bayan Isha'i

Wannan shi ne zaɓin da ya fi rauni, kuma ba ya bukatar dogon bayani. An samu sauƙin zafi, amma ana cikin duhu, kuma ya yi karo da tuwon dare, wanda ke bukatar awa biyu zuwa uku kafin a yi gudu a kansa. Binciken da aka tattara ya nuna motsa jiki mara tsanani da dare ba ya ɓata barcin yawancin mutane, sai dai mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya yakan jinkirta shi, saboda bugun zuciya da zafin jiki ba su sauka ba. Ga mai tashi Asuba, gudun 8:30 yana nufin wanka 9:15, abinci 9:30, barci sai 11:00. In dai dole ne, a yi shi a hankali, kada ya wuce minti 30, a cikin fili mai fitila, a ci abinci mara nauyi bayansa.

Yanayi yana sauya amsar

Babu dalilin da zai sa mutum ya riƙe lokaci ɗaya duk shekara. Daga Maris zuwa Mayu safe ne kawai ke da aminci ga mafi yawan mutane. Abin takaici a wannan lokacin ne barci ya fi wuya: ɗaki ya ɗau zafi, wuta babu, dare ya fara gajarta. Wanka kafin kwanciya, buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, fanka mai caji, duk suna taimakawa. Janareta kuma ya kasance a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci. A waɗannan watannin a rage tsawon gudun, a bar neman ƙarin sauri sai damina.

Da damina safiya tana da sanyi amma iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, don haka jiki ba ya sanyaya yadda ake zato. Yamma bayan ruwan sama takan yi daɗi. Idan hadari ya haɗu ana tsawa, kada a tsaya a buɗaɗɗen fili.

Hunturu ne ke juya lissafin. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana haɗuwa da hayaƙin wutar da ake hurawa don jin ɗumi da na bola, kuma da sassafe iska mai sanyi tana danne su kusa da ƙasa. Ga duhu, ga sanyin da ke sauka ƙasa da digiri 15 a Kano, a Jos ma ƙasa da haka. Busasshiyar iska mai sanyi tana tayar da asma. A Disamba da Janairu yamma ta fi, domin zafinta bai kai na bazara ba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a bar gudu a waje gaba ɗaya, a yi tsallen igiya ko atisayen ƙafa da ciki a cikin ɗaki. Ƙyalle ko rawani a hanci yana ɗumama iskar da ake shaƙa, amma ba ya tace ƙananan ƙwayoyin ƙura.

Wa ya dace da wane

Idan kana iya hawa gado kafin 10:00 aƙalla dare uku a mako, kuma aikinka ba ya farawa kafin 8:00, zaɓi safe. Shi ya fi ɗorewa, ya fi aminci daga zafi, kuma yana gyara barcin da kansa. Idan sana'arka ce ke hana ka kwanciya da wuri, kamar mai shayi, mai nama, mai shagon magani ko direba, kada ka sayar da barcin bayan Asuba. Nemi yamma, ko kuma ka yi sallah, ka koma barci, ka fita wajen 7:00 a watannin da rana ba ta yi zafi ba tukuna a lokacin.

Ga yawancin ma'aikata abin da ya fi aiki shi ne gauraye: safiyar Asabar ko Lahadi don gudu mai ɗan tsawo, minti 40 zuwa 50, sai kwana biyu a tsakiyar mako na minti 25 zuwa 30, ɗaya da safe ɗaya da yamma, gwargwadon yadda dare ya kasance. Mai kallon gasar zakarun Turai ya sani wasannin Talata da Laraba na dare suna tashi wajen 10:00 ko 11:00, kafin ya dawo daga gidan kallo ya kwanta an kusa tsakar dare. Kada ya sanya gudun safe washegarin wasa.

Matar aure da safiyarta ta cika da girki da shirya yara ba ta da wannan awa ɗaya da rabin. Abin da ya fi yi mata shi ne bayan yara sun tafi, tsakanin 7:30 da 8:30, ko kafin Magariba, tare da maƙwabta a filin makarantar 'yan mata ko a cikin gida idan da fili. Hijabi ko mayafi ya zama mara nauyi mai haske, domin baƙin yadi mai kauri yana riƙe zafi. Mai jego da jariri ke tayar da ita sau biyu ko uku a dare, barci ne a gaba. Tafiya da sauri ta ishe ta har sai dare ya daidaita, kuma komawa gudu bayan haihuwa sai likita ko ungozoma ta asibiti ta duba ta. Mai aikin dare, irin su ma'aikatan jinya da masu gadi, kada ya yi gudu da ya tashi daga aiki. Hasken safe da motsa jiki za su kore masa barcin da yake bukata. Ya kwanta tukuna, ya yi gudun da yamma kafin ya koma aiki.

Matso da lokacin kwanciya

Wanda ya saba kwanciya 12:00 ba zai iya komawa 10:00 a dare ɗaya ba. Zai kwanta ne ido biyu yana juyi. A riƙa matsowa da minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu ko uku. Awa biyu za ta ɗauki mako biyu zuwa uku. A wannan tsakanin kada a fara gudun tukuna, a yi tafiyar minti 15 kawai bayan gari ya waye don hasken ya yi aikinsa. Sai barci ya kai awa 7 sannan a fara: minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, a maimaita sau takwas zuwa goma, sau uku a mako, kwana ɗaya tsakani. Duk mako a ƙara sassarfar kaɗan a rage tafiyar. Cikin mako 8 zuwa 10 yawancin masu lafiya suna kai minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa, idan ba ka iya yin magana jimla guda ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan shirin. Na farko sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemunan ƙara kuzari. Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa, don haka goron La'asar ko shayin da aka sha a majalisa bayan Magariba yana nan a jini lokacin kwanciya. Wani gwaji da aka wallafa a 2013 ya nuna shan kafeyin mai yawa awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da sama da awa ɗaya. A tsayar da shi daga Azahar. Na biyu waya: haskenta yana da tasiri, amma abin da ya fi shi ne yadda bidiyo ɗaya ke jan wani. A sa ta caji nesa da gado. Na uku hira. Hadisi ingantacce ya zo cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da kuma hira bayanta, kuma wanda ya bi wannan ya gama rabin aikin. A shirya kayan gudu da ruwa tun da dare.

Ƙailula tana cike giɓi, amma kaɗan. Minti 20 zuwa 30 tsakanin Azahar da 3:00 suna wartsakar da mutum. Idan ta wuce haka ana shiga barci mai nauyi, a tashi da kasala. Wanda ke da hali ya yi cikakken zagaye na minti 90, amma ba bayan La'asar ba, domin zai ci na dare.

Da azumi tsarin duka yana sauyawa, tunda sahur da tarawihi, sannan tahajjud a goman ƙarshe, suna yayyanka dare. Gudun bayan Asuba a lokacin yana nufin zubar da ruwan da ba za a mayar ba sai bayan awa 12 ko fiye, don haka shi ne mafi muni, musamman idan azumi ya faɗo a zafi. Zaɓi biyu ne masu ma'ana: sassarfa mai sauƙi ta minti 20 gab da shan ruwa, ko bayan an yi buɗa baki da abu mara nauyi an jira awa ɗaya zuwa biyu. A rage yawan gudun da kusan rabi, a goman ƙarshe a koma tafiya.

Kowane lokaci aka zaɓa, a gwada shi mako uku ana lura da abubuwa kaɗan. Ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya da an farka kafin a sauka daga gado. Idan ya ɗara yadda aka saba da 5 zuwa 10 kwana biyu ko uku a jere, jiki bai huta ba. Gyangyaɗi a taro, a lokacin huɗuba, ko mafi haɗari a kan sitiyari, yana nufin barci bai isa ba, kuma gudun ne zai matsa. Daren da aka samu ƙasa da awa 5 saboda rashin wuta ko rashin lafiyar yaro, a mayar da gudun washegari tafiya, ko a ɗage shi zuwa yamma. Mai zazzaɓi kada ya yi gudu sam, sai kwana kaɗan bayan ya warke. Wanda kuma yake cika awa 7 ko 8 amma yana tashi a gajiye da ciwon kai, iyalinsa suna cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa, matsalarsa ta wuce zaɓin safe ko yamma. Toshewar numfashi cikin barci ce ake zargi, tana da alaƙa da hawan jini, kuma sai an je asibiti an duba.